Mai Zuba Farar Ƙasa

Tun asuba nake sunkuye
da gwangwanin madarar da na huhhuda gindinsa,
ina zuba farar ƙasa a filin makarantarmu ta Haputale.
Layi shida. Na bakwai babu wurinsa,
daga nan sai gangare, sai gonar shayi har ƙasan kwari.
Gajimare ya sauko ya kwanta kan ciyawa,
ina ja masa layi a gadon baya, bai ko motsa ba.

Gida huɗu, rumfa huɗu.
'Yan Gidan Ja sun gina giwa da ganyen kwakwa,
haurenta ɗaya na gora ya karkace tun jiya.
Kore sun yi jirgin ƙasa mai hayaƙin auduga.
Shuɗi sun kwana ɗaura dawisu, har yanzu ba shi da kai.
Rawaya kuwa, 'yan kashin baya shekara tara,
tabarma suka kafa da tuta,
suka ce ai rumfa rumfa ce.

Ganguna suka tashi, fararen takalma suka bi,
hagu, dama, hagu, wani yaro kullum dama.
Shugaba ya kama lasifika kamar ba zai saki ba,
ya gode wa kowa, har da kakan wanda ya ba da kujeru,
sai da 'yar aji biyu ta zube a rana
sannan ya tuna abin da ya tara mu.
Kafin a yayyafa mata ruwa
biri ya sauko daga rufin ɗakin karatu
ya ɗauke burodin babban baƙo.

Malam Wijekoon na da usur, na da rajista,
yana busa ɗaya, yana kare kansa da ɗaya.
An yi dogon tsalle, an yi tseren buhu,
an ja igiya har wando ya yage.
Da aka kira tseren iyaye mata
sai ga Pushpam ta gangaro daga gonar shayi,
ta aje kwandonta a gindin tuta,
ta soke bakin sarinta a ƙugu.
Matar da ke hawan dutse da kaya tun tana yarinya,
me fili shimfiɗaɗɗe zai ce mata?
Bokitin roba ta ci. Ta kife shi a ka, ta koma aiki.

Ƙarfe uku sama ta tsage.
Dawisu ya jiƙe, jirgi ya rasa hayaƙi,
giwa ta durƙusa, iska ta fizge haurenta.
Malam ya dube ni: ina layukan?
Na nuna masa su, ga su can fari fat
suna malala kamar nono zuwa gindin shayi.

Saura tseren miƙa sanda.
Aka ce a fasa, yara suka ce atafau.
Suka zubar da takalma, suka shiga caɓi,
ba layin kowa, ba launin riga, duk taɓo ya haɗa su gida ɗaya.
Thenmoli 'yar Pushpam ce ta ƙarshe a Rawaya.
Sandar ta suɓuce, laka ta haɗiye ta.
Ta laluba, ta laluba,
abin da hannunta ya kama shi ta ruga da shi:
hauren giwar Gidan Ja.

Alƙalai uku, lema ɗaya, gardama har magariba.
Wijekoon ya ce gora gora ce,
ya rubuta da biron da ke ƙin rubutu:
Rawaya, na uku.
Ihun da suka yi, ko masu kofi ba su yi rabinsa ba.

Yanzu fili ya koma nawa.
Ina tsintar ɓawon lemo, da warin takalmi, da kan dawisu
da aka gama shi bayan an tashi.
Na wanke hannu sau biyu a famfo,
farar ƙasar ta ƙi fita daga tsagar tafina.